Saura kiredit 21

Jiya da dare bayan na taso daga aiki, na baje takardun kwasa-kwasaina a kan teburin kicin ina lissafi da fensir, har shayina ya huce ban sani ba. Saura min kiredit 21 (ma'aunin da ake ƙirga kwasa-kwasan da ɗalibi ya ci da shi) in cika 60 na kwalejin shekara biyu a nan Bronx, a birnin New York. Daga nan, in Allah ya yarda, sai Kwalejin Lehman, in karanta ilimin zamantakewar al'umma har in kai 120 na digiri.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne tsarin Pathways na CUNY, wato jami'ar birnin New York da kwalejina da Lehman duk suke ƙarƙashinta: kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin ɗalibi duk kwalejin CUNY da ya koma. Sauran kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Malamar da ke ba mu shawara ta ɗora yatsa a kan kwas ɗin ƙididdiga, ta ce kada in bar shi sai ƙarshe. Gaskiyarta. Burina in yi bincike kan iyayenmu mata masu kitso a unguwar Harlem da masu kula da tsofaffi a gidaje, kuma hira kaɗai ba za ta wadatar ba, sai da alƙaluma.

Na sa kwas ɗin a zangon Janairu. 'Yan uwa, a sa ni a addu'a.