Abin da Ya Rage wa Tsohuwar Kwamfutata Saurin Intanet

Kwamfutar cinyar da nake aiki da ita ta hannu na saya, kuma ko a ranar da ta shigo hannuna ta riga ta kwana biyu, amma da ita nake buga takardun makaranta, da ita kuma nake tura sakamakon jarrabawar ɗalibai. Tun shigowar hunturun bana ta fara nauyi, har ta kai shafi guda sai in zauna ina jiransa ya buɗe kamar ba zai buɗe ba. Na yi makonni ina ganin laifin kamfanin layina ne, na sayi wani layin na zuba masa data, amma babu abin da ya sauya.

Ƙanena da ke sana'ar gyaran waya ne ya ba ni shawarar in daina kashe kuɗi sai na auna tukuna. Na ajiye wayata da kwamfutar a kan tebur ɗaya, na buɗe shafin fast.com a kowacce, sai ga shi saurin da wayar ke samu ya ninka na kwamfutar sau da yawa, alhali daga layi ɗaya suke sha, domin ta hotsufot ɗin wayar, wato intanet ɗin da take watsawa ta Wi-Fi, kwamfutar ke samun nata. A nan ne kuma na fahimci wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni, wato shafukan awo suna ba da sakamako ne da megabit, manhajojin sauke fayil kuwa galibi da megabayit suke nunawa, kuma sai an tara megabit 8 ake samun megabayit guda. Mutane da yawa suna zaton an cuce su ne saboda wannan bambancin kawai.

Gwaji na biyu shi ne na kashe Wi-Fi, na haɗa wayar da kwamfutar ta igiyar USB, na bar intanet ya bi ta igiyar. Nan take awon ya tashi ya kusa kamo na wayar, don haka na san matsalar tana tsakanin wayar da katin Wi-Fi na kwamfutar. Da na bincika, sai na tarar katin nan tashar 2.4 GHz kaɗai yake iya kamawa, kamar yadda tsofaffin kwamfutoci da yawa suke. Wannan tasha tana da cunkoso ƙwarai, domin hanyoyi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma Bluetooth ma a nan yake aiki. A gidan haya irin namu, inda kusan kowane ɗaki akwai mai kunna hotsufot ko ƙaramar na'urar intanet da daddare, kowa yana taka ƙafar kowa ne. Tashar 5 GHz ta fi yalwa da sauri, sai dai ba ta ratsa bango sosai, wanda kuma bai dame ni ba tunda wayar tana kusa da ni. Na sayi ɗan ƙaramin katin Wi-Fi na USB mai kama tashoshin biyu, na sa wayar ta riƙa watsawa a 5 GHz. Haka kuma na gano cewa idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, tsarin tattalin caji yana rage wa katin ƙarfi, don haka na shiga saitin wuta na mayar da shi cikakken ƙarfi.

Duk da haka ban gamsu ba, domin awo ya yi kyau amma shafuka masu hotuna da bidiyo suna ci gaba da jan ƙafa. A ganina wannan ne wurin da aka fi yin kuskure, saboda abin da muke kira nauyin intanet sau da yawa gajiyar kwamfutar ce da kanta. Da na buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da ke nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta yake yi, sai na ga faifan ajiya yana tsaye a kashi 100, RAM ɗin kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, wanda gigabayit 4 ne kawai, burauza ta cinye kusan dukkansa. Idan RAM ya cika, kwamfuta takan juye abin da ya rage zuwa faifan ajiya, nawa kuwa tsohon faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, wanda ba zai iya wannan kai-komo da sauri ba. Bayanan sun iso, amma babu mai karɓarsu a kan lokaci. Na sauya faifan da SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri, na ƙara RAM zuwa gigabayit 8, kuma cikin duk abin da na yi babu wanda ya kai wannan tasiri.

Lokacin da ƙanen nawa ya buɗe bayan kwamfutar domin sa SSD ɗin, mun tarar ƙurar hunturu ta yi tabarma a bakin fanka ta toshe mafitar iska. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi fiye da kima takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa nauyin ya fi tsananta bayan na yi awa guda ina aiki. Ya share ƙurar, ya sa sabon man sanyaya, ni kuma na daina ɗora ta a kan katifa.

Abu na ƙarshe da na gyara shi ne na yi wa hotsufot ɗin alama a saiti cewa layi ne mai ƙididdigaggiyar data, domin a rage sauke manyan sabuntawa a bayan fage sa'ad da nake tsakiyar aiki. Abin da ya rage yana damuna yanzu shi ne tsaro, domin tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutar kuma ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Na sauke Linux Mint, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ake amfani da shi a madadin Windows, a kan filas, ina gwada shi a ƙarshen mako don in ga ko zai ɗauki aikin takardun makaranta da firintar ofis kafin in yanke shawarar komawa kansa gaba ɗaya.