Shekara biyu ina gini a filin aro

Ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar hira da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa. Ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani a lokacin, kuma tun daga makon nan barcina ya ragu. Kullum dare sai in ɗauko wata doguwar takarda in liƙa masa, in ce ya ciro mini abin da ke ciki, ya kuwa ciro. Da GPT-4, sabon injin OpenAI mai ƙarfi fiye da na baya, ya fito a watan Maris na 2023, na ajiye aiki. Mu uku muka kafa namu kamfanin: ni, da abokina wanda muka yi karatu tare, da wata injiniya da ta fi mu duka iya gwajin manhaja.

Abin da muka gina ba shi da wuyar bayani. Ƙananan kamfanoni suna da tarin kwangiloli da takardun biyan kuɗi da babu mai lokacin karanta su. Manhajarmu za ta karanta, ta fitar da sunan wanda aka ƙulla da shi, da adadin kuɗi, da ranar da kwangila za ta sabunta kanta, sannan ta tunatar da akanta kafin lokaci ya ƙure. A cikin mako shida muna da abin nunawa. Duk wanda muka nuna wa sai ya riƙe baki. Muka samu masu zuba jari, muka ɗauki ma'aikata biyu.

Wannan riƙe bakin shi ya fara cutar da ni. Ina da takardu biyar da nake nunawa a kowane zama, kuma ni na zaɓe su, domin na san manhajar tana karanta su daidai. Ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin yaudara ba, har sai da injiniyarmu ta tambaye ni wata rana: "Malam, takarda ta shida fa?" Na ce za mu zo kanta. Wata huɗu ina cewa za mu zo kanta.

Takarda ta shidan ta zo da kanta. Wata akanta, dattijuwa mai shekaru da yawa a aikin, ta saka kwangilar wani kamfanin Amurka da ke sayar musu da kaya. An rubuta ranar ƙarshe ta janyewa 03/04/2024. A Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 4 ga Maris ke nan. Manhajarmu ta karanta shi 3 ga Afrilu, ta rubuta shi ba tare da wata alamar shakka ba. Kafin tunatarwa ta iso, kwangilar ta riga ta sabunta kanta na shekara guda. Da ta kira ni ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, da yaron ofishina ne, da ya zo ya ce bai tabbata ba. Naku bai taɓa cewa bai tabbata ba."

Na daɗe ina juya maganar nan, domin ta taɓo asalin yadda abin yake aiki. Injin harshe irin na ChatGPT, wanda manhajarmu ke aiki a kan irinsa, yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, bisa tarin rubutun da aka horar da shi a kai. Idan amsa tana cikin takarda, sau da yawa yakan samo ta. Idan ba ta ciki, zai iya ƙera wadda ta yi kama da gaskiya, da irin muryar da yake faɗin gaskiya. Shaci-faɗi ne, amma cikin natsuwa. Na san wannan tun kafin mu fara, na sha bayyana wa masu zuba jari shi. Abin da ban yi ba shi ne gina manhajar kamar wanda ya yarda da abin da yake faɗa.

Muka dakatar da duk wani sabon aiki. Muka tara takardu ɗari uku na gaske, da izinin masu su, har da waɗanda aka ɗauka a hoto a karkace, da masu tambarin da ya rufe lamba, da waɗanda 1 da 7 ba sa rabuwa. Muka zauna muka rubuta amsar kowacce da hannu. Aiki ne mai gundura, kuma shi ne abu mafi daraja da kamfanin ya taɓa mallaka. Daga nan duk canjin da muka yi sai ya bi ta kan takardun nan kafin ya isa wurin kwastoma. Muka sa kowace amsa ta nuna layin da aka ciro ta. Ranar da za ta iya karantuwa ta hanya biyu, manhajar takan tsaya ta tambaya. Abin da ba ta gani ba, ta ce ba ta gani ba. A wurin nuni abin ya rage armashi, amma akantoci suka fara sabunta rajistarsu.

Sai maganar kuɗi. Masu injin suna cajin mu ne bisa yawan gutsattsarin kalmomin da suka shiga da waɗanda suka fita, mu kuma mun yanka wa kwastoma kuɗin wata guda ɗaya, ya yi amfani da yawa ko kaɗan. Wanda ya fi son manhajarmu shi ya fi jawo mana asara. Abokina ne ya gano, ni kuma na yi ta musu, don ina jin kunyar komawa wurin mutane in ce farashi ya canza. Da muka koma, yawancinsu ba su ma yi gardama ba.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne wajen ƙarshen 2023, lokacin da manyan manhajojin hira suka sauƙaƙa wa kowa ya ɗora takarda ya yi mata tambaya kai tsaye. Rabin abin da nake alfahari da shi ya zama abin da kowa ke da shi a wayarsa. Ban ga laifin kowa ba. Filinsu ne, mu muka yi gini a kai, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ko sabunta injin da sukan yi yana iya sauya yadda amsoshinmu ke fita a dare ɗaya. Takardun nan ɗari uku ne suka riƙa faɗa mana in wani abu ya motsa. Daga baya muka gwada buɗaɗɗun injuna, wato waɗanda ake iya saukewa a yi aiki da su, irin Llama na Meta, kamfanin da ke da Facebook, a kan na'urorinmu, musamman saboda kwastomomin Turai da ke tambayar ina takardunsu ke zuwa, tunda dokar kare bayanai ta GDPR tana aiki a can tun 2018. Hakan ya rage dogaro, ya ƙaro wahalar kula da na'urori, kuma har yau muna amfani da duka biyun.

Wurin da na fi jin nauyi shi ne ma'aikatan nan biyu. Na ɗauke su ne don kamfani ya yi kama da mai girma, tun ba mu san abin da za su yi ba. Da kuɗi ya ja baya, na san wata biyu kafin lokaci cewa ba za mu iya riƙe su ba, na yi shiru ina fatan wata kwangila za ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Na faɗa musu saura mako uku, alhali da na yi magana da wuri sun samu sararin neman wani aikin. Ɗayansu yana da ƙaramin yaro. Na nemi gafararsu, na rubuta musu takardun shaida, na kira duk wanda na sani, amma wata biyun nan ba su dawo ba. Tsoro ne ya rufe mini baki, na kira shi fata nagari.

Yanzu mu uku ne, kuɗin da ke shigowa yana biyan albashi da na'urori, da ɗan saura. Lissafin watannin da kuɗinmu zai kai yana buɗe ga kowa a kamfanin, ana sabunta shi kowace Litinin. Dattijuwar akantar nan ba ta dawo ba, duk da na rubuta mata sau biyu. Ta dai yarda mu riƙe kwangilar tata bayan an goge sunaye, kuma ita ce takarda ta farko a jerin gwajinmu. Idan zan yi wa sabon kwastoma nuni, ba na zuwa da takarduna. Nakan ce ya ɗauko mafi munin takardar da ke cikin durowarsa, mu saka tare.