Sirrin Wi-Fi daga eriya yake farawa

Sana'armu ɗaura intanet ce a ofisoshi da shaguna a nan Kano, kuma ba ma kafa router, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, sai mun zagaya gini ciki da waje mun auna inda sigina ke kaiwa. Wi-Fi rediyo ce, tana iya ratsa katanga. Wanda ya faka mota a bakin titi da kwamfutarsa zai iya kamo abin da kake watsawa, muddin siginar ta iske shi da ƙarfinta. Zangon 2.4GHz ya fi ratsa bango, na 5GHz kuwa ya fi saurin mutuwa a bayan bulo. Da wannan sanin muke zaɓar mazaunin router, mu rage mata ƙarfi daidai girman ginin. In reshe biyu za a haɗa, sai eriya mai fuska ɗaya, wadda ke harba siginar kai tsaye ga 'yar'uwarta.

Maigidan da ya koya mini aiki ba ya barin yaro ya ɗaure noti a saman turke sai ya faɗi wa zai ji siginar in ta karkace. Daga baya na karanta cewa tun 1975 Aaron Wyner na Bell Labs a Amurka ya nuna da lissafi cewa in abin da ke isa ga mai satar saurare ya fi na mai saƙo dushewa, ana iya isar da sirri ko babu makulli, wato tsarin rufe saƙo yadda baƙo ba zai iya karanta shi ba. Duk da haka makulli wajibi ne. Tun 2001 aka fasa WEP, tsohon makullin Wi-Fi, shi ya sa a cikin waɗanda suka biyo bayansa WPA2 ne mafi ƙanƙantar abin da muke yarda da shi, WPA3 in na'urar ta ɗauka.

Abin da ke ƙona mini rai 'yan aikin sha-yanzu-magani-yanzu ne. Su karɓi rabin kuɗinmu, su rataya router a jikin taga, su ƙure ƙarfi, su bar WPS, wato hanyar haɗa na'ura da router da gajeriyar lamba ko maɓalli, a kunne, alhali tun 2011 aka gano ana iya cankar lambarsa. Kalmar sirrin da router ta zo da ita daga kamfani ma ba sa canjawa. Sai Alhaji ya ce mini, "Malam, wane ya yi mini araha." Ranka ya daɗe, kyamarorin shagonka da lissafin cinikinka duk a kan layin nan suke.

Mu kam layin baƙi daban muke ware shi, na kyamara daban, kuma mai wuri ne ke rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa bayan mun kau da kai.