Darasin call: a kula da ƙofar shiga da ƙofar fita

A yawancin ma'aikatun Yamai, Windows ɗin da ke kan kwamfuta da Faransanci yake, sunayen fayil kuma cike suke da sarari, irin su "Rapport mars 2024.xlsx". Duk mai rubuta fayil ɗin .bat, wato fayil mai ɗauke da jerin umarnin da Windows ke zartarwa, don kwashe takardu zuwa USB da wannan sararin zai fara karo. Abin da aikin ya koya mini shi ne, ba kasafai ɓarna ke faruwa a cikin reshen umarni ba, wato ɓangaren fayil ɗin mai suna irin :kwashe da ake kira da call. A bakin ƙofa take faruwa.

Idan ka rubuta call :kwashe Rapport mars 2024.xlsx, reshen bai karɓi suna ɗaya ba, uku ya karɓa: %1 ya zama Rapport, %2 mars, %3 ragowar. Kuma ba sarari kaɗai ke yanka ba, waƙafi, waƙafi mai ruwa da alamar = duk suna yi. Maganin shi ne ka rufe sunan da alamar zance wajen kira, sa'an nan a cikin reshen ka karɓe shi da %~1, wanda ke tuɓe alamar, ka sake rufe shi da hannunka: copy "%~1" "%~2". Wanda ya rubuta "%1" ya ninka alamar ke nan, sai sunan ya sake tarwatsewa. %~nx1 kuwa sunan fayil kaɗai yake ba ka, ba tare da hanyarsa ba.

Lambobin daga %1 zuwa %9 suka tsaya. In saƙon ya wuce tara, sai shift, wanda ke mayar da %2 ya zama %1 da haka har ƙarshe, amma shift ba ya taɓa %*, mai ɗauke da saƙon gaba ɗaya.

Ƙofar fita ta fi ban tsoro, don ba ta yin ƙara. cmd, manhajar da ke zartar da fayil ɗin .bat, bai san inda babban rubutu ya ƙare ba. In ba ka sa exit /b, umarnin fita, kafin :kwashe ba, sai ya zarce cikin reshen ya sake gudanar da shi, wannan karo da %1 na babban fayil, wanda galibi fanko ne. Ka yi tunanin reshen da ke ɗauke da del /q "%~1\*": da fanko ya koma tushen faifan. Shi ya sa layin farko na kowane reshe ya kamata ya zama if "%~1"=="" exit /b 1. Kada a manta da /b ɗin, exit tsirara taga gaba ɗaya yake rufewa.

Maido da amsa ma yana da tasa dabara. setlocal yana hana reshe ɓata ma'ajiyan bayanai (variables) na waje, amma endlocal, mai rufe shi, yana share har amsar da kake so. Sai a haɗa su a layi guda: endlocal & set "jimla=%n%", inda n ke riƙe da amsar. Yana aiki ne domin cmd yana fassara %n% tun kafin ya zartar da layin.

In kuma suna mai é ya fito a birkice, duba yadda aka adana fayil ɗin. In UTF-8 ne, sa chcp 65001 a sama kafin kowane call.