Shuɗin haske a bakin Kawu

Farin tabo a cikin baki ba ya ciwo, shi ya sa mutum kan yi shekaru da shi bai faɗa wa kowa ba. Likitoci na kiransa lukoplakiya. Yawancinsa haka yake zama, amma wani kan rikiɗe ya koma sankara, kuma babu mai duban tabo da ido ya rantse ga wanda zai rikiɗe. Jan tabo bai kai farin yawa ba, sai dai ya fi shi haɗari.

Kawuna na da farin, a cikin leɓensa na ƙasa, daidai inda ya daɗe yana cusa garin taba da kanwa. 'Yan uwanmu na Sudan sun san wannan wurin sarai, nan masu tumbak, wato irin tasu tabar cusawa a baki, ke ajiye ta. A Indiya aka gano tabon, lokacin da na raka Kawu aikin gwiwa wata likita ta ce ya buɗe baki.

Likitar haƙorin da aka tura mu wajenta ta rage fitilar ɗakin, ta ɗauko wata na'ura mai kama da tocila, VELscope, ƙirar Kanada. Tana fitar da shuɗin haske. Lafiyayyen naman baki idan ya sha wannan hasken sai ya mayar da shi kore-kore, galibi saboda kolajin, wato zaruruwan da ke riƙe nama a ƙarƙashin fatar. Inda ƙwayoyin naman suka fara ɓaci, fatar ta yi kauri, kolajin ya sassauta, jini ya taru ya shanye hasken, sai wurin ya fito duhu. Ta ba ni na leƙa. Duhun ya ɗan zarce iyakar farin da muke gani da ido.

Kawu ya ce, "Likita, ke nan na kamu?"

Ta ce a'a, Baba, ko kunci ka ciza haka zai nuna. Nan na yarda da ita. Kumburi da gyambo duk duhu suke yi, kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka a 2017 ba ta amince a dogara da irin waɗannan fitilu wajen yanke hukunci ba. Hukunci na wurin ɗan naman da aka yanka aka duba da madubin likita. Abin da fitilar ta yi mata shi ne nuna inda ya fi dacewa ta yanko, da ba ta hoton da za a riƙa kwatantawa duk bayan 'yan watanni.

Ni wannan kwatancen ne ya fi burge ni, domin ba za a yi ta yankar dattijo kowane zuwa ba. Amma kada mai tallan na'ura ya ruɗe mu. A jihar Kerala ta Indiya, binciken da aka buga a 2005 ya nuna duban baki da ido kawai ya rage mace-macen sankarar baki a tsakanin masu taba da giya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sakamakon Kawu ya nuna canjin ƙwayoyin bai yi nisa ba. Yanzu a nan ƙasarmu ake duba shi, da fitilar asibiti da hoton waya. Tabar ce har yau muke ja-in-ja a kai. Ya ce ya bari, amma matarsa ta ce a aljihun babbar riga yake ɓoye ta.