Gilashin da na yarda aka cire

Shekara shida na yi ina kula da macizai a wajen ɗaukar finafinan ban tsoro. Makon jiya na rataye ƙugiyata ta kama maciji na yi sallama. Duk wanda ke wurin ran nan ya san dalili, amma gara in faɗa da bakina.

Gamsheƙa muke ɗauka, irin mai feshin dafi. Ƙa'idar aikin kowa ya santa: faffaɗan gilashi tsakaninta da mutane, kyamara ta ɗauka ta bayansa. Darakta ya leƙa allo ya ce fitila na ƙyalli a jikin gilashin, a cire. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, "Haba Malam, tun safe take kwance kamar igiya. Minti biyu kacal."

Da gaskiyarsa, da safe lamo ta yi, don ɗakin da sanyi. Sai dai maciji daga waje yake samun ɗumin jikinsa, ita kuwa ta shafe awa uku ƙarƙashin manyan fitilu. Na san haka sarai. Mutum talatin sun zuba mini ido, ana ta maganar kuɗin haya na tafiya, sai na gyaɗa kai.

Mai kyamara ya durƙusa kusa da ita. Ta fasa kai, ta feso. Gamsheƙa na iya kai dafinta wajen mita 2, kuma ido take nema. Na ja shi zuwa famfo, na buɗe idon da yatsuna ina kwarara ruwa kusan minti ashirin, yana ihu yana kiran sunan 'yarsa. Idon bai mutu ba, amma har yau dishi-dishi yake gani da shi.

A rahoton kamfani aka rubuta "sakacin mai maciji". Darakta bai ce uffan ba. Har gaisuwa ya aiko mini da ita, wai in yi haƙuri.

Ga wanda zai gaje ni: kar ka yarda da macijin da aka ce an cire wa fiƙa, suna sake fitowa. Ɗinke masa baki zalunci ne. Kafin ka buɗe akwati, ka san asibitin da ke da maganin dafin wannan nau'in. In ɗan wasa zai taɓa, a kawo marar dafi mai kama da shi.

Fim ɗin ya fito, na kalla. Wurin gamsheƙar bai fi daƙiƙa huɗu ba, kuma ɗaukar farko suka sa, wadda aka yi da gilashin.