Abin da Dogon Zama a Filin Bishara Yake Yi wa Ma'aikaci

Wanda ya je aikin bishara na makonni biyu ko wata guda yakan dawo cike da himma da labarai masu daɗin ji, kuma ba na raina wannan ko kaɗan. Sai dai gajeriyar tafiya himmar mutum kawai take nunawa. Halinsa na gaskiya ba ya fitowa fili sai shekaru sun tura, baƙunta ta ƙare, mutanen wurin sun daina yi masa kara, abokan aikinsa kuma sun san irin fuskar da yake tashi da ita idan bai sami barci ba.

Sabon ma'aikaci yakan shirya wa wahalar koyon harshe, da rashin lafiya, da mutanen da ba za su saurare shi ba, amma da wuya a sami wanda ya shirya wa zama da 'yan'uwan da bai zaɓa da kansa ba. A wurina, wannan zaman ne ya fi kowane abu gyara ni. Da dare za ku yi sa-in-sa da wani a kan yadda aka kashe kuɗin asusun aiki, da asuba kuma ku tarar da juna a ɗakin addu'a, mai jagora ya dube ka ya ce kai ne za ka yi wa wannan ɗan'uwa addu'a, ka ambaci sunansa a gaban kowa. A nan ne mutum yake gane ko gafarar da yake wa'azinta ta shiga zuciyarsa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma kiran Allah bai cire ma'aikatansa daga wannan ba.

William Carey, ɗan mishan daga Ingila, ya isa Indiya a 1793, ya yi shekara bakwai kafin ya ga baftismar Ba'indiye na farko ta wurin aikinsu, wato Krishna Pal, a watan Disamba na 1800. An fi yawan ba da wannan labari domin a koyar da haƙuri, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin zaman da ya yi a garin Serampore na Indiya tare da abokan aikinsa Joshua Marshman da William Ward. Iyalansu sun zauna wuri ɗaya, suna cin abinci tare, abin da kowa ya samu yana shiga asusu ɗaya, kuma sun keɓe yammacin kowace Asabar domin warware saɓanin da ya taso a cikin mako. Mutanen da suka sa wa sulhu rana a kalanda sun riga sun amince cewa za su ɓata wa juna rai, kuma ina ganin wannan amincewar ce ta sa suka iya tashi tare bayan gobarar 1812 ta cinye maɗaba'arsu da rubuce-rubucen fassara na shekaru masu yawa. Haka ma jama'ar Kirista ta ƙauyen Herrnhut a Jamus: sai da suka sulhunta rigingimunsu a 1727 kafin suka aika 'yan mishan na farko a 1732.

Wasiƙar da ma'aikaci yake aika wa masu tallafa masa takan ƙidaya waɗanda aka yi wa baftisma da azuzuwan da aka buɗe. Babu layin da zai rubuta cewa bana ya koyi yin shiru idan an gyara masa magana, ko ya miƙa wa wanda ya horar aikin da yake ji kamar nasa ne, ya koma gefe ba tare da ƙorafi ba.

Manzo Bulus kansa ya rabu da Barnaba bayan gardama mai zafi a kan Yohanna Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Bayan shekaru masu yawa, yana tsare a kurkuku, ya rubuta wa Timoti cewa ya zo masa da Markus ɗin nan, domin yana da amfani a gare shi cikin hidima.